Rakiyar mai bishara daga Jos zuwa Lome

Ranar Litinin, ƙarfe biyar da rabi na asuba, cikin sanyin Janairu, muka tashi daga Jos mu biyar: ni, da Fasto, da mai ɗakinsa, da 'ya'yansu biyu, yarinya 'yar shekara tara da ƙanenta ɗan shekara huɗu. Ikilisiya ta keɓe su domin aikin bishara a ƙasar Gini, wajen Kankan, cikin mutanen Maninka. To amma Hausa da Ingilishi ba sa kai mutum ko'ina a Gini. Sai sun fara yin shekara guda a Lome, babban birnin Togo, suna koyon Faransanci, sa'an nan su wuce. Aikina a ofishin mishan shi ne takardu da guzuri da rakiya: in kai iyali, in ga sun zauna, in dawo. Tambayoyin da masu shirin fita da dattawan ikilisiya suke yi mini kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na zauna na rubuta yadda wannan tafiya ta kasance.

Jajiberin tafiya aka yi sujadar sallama. An karanta Ayyukan Manzanni sura 13, inda ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a ta sallami Barnaba da Shawulu, dattawa suka ɗora musu hannu, Matan Zumunta suka yi waƙa da tulu da caki. Da aka tashi, sai muka shiga ofishin fasto da 'yan'uwan Fasto domin wani zama da ba a sanar da shi a bagade, alhali rashinsa ya dawo da ma'aikata da yawa gida kafin lokaci. Mahaifiyarsa tsohuwa ce mai hawan jini. Aka rubuta a takarda wanda zai riƙa kai ta asibiti, da nawa za a cire mata kowane wata daga kuɗin Fasto, da wanda zai noma gonar gado da yadda za a raba amfanin. Kowa ya sa hannu a gaban dattawa biyu. Mama kuwa, wato mai ɗakin Fasto, tun wata uku baya ta gama zubin adashenta, sun biya mai shago da kuɗin makarantar yara. Bashin da aka bari a gida ba ya zama a gida. Yana bin mutum ta waya har inda ya je, ya hana shi barci, ya hana shi karatu.

Kaya su ne rigimar asuba. Jama'a sun nuna ƙauna: buhun dankali, doya, katifa sabuwa, har da turmi. Muka tace muka bar jaka shida. Abin da ya shiga shi ne tufafin auduga marasa nauyi, gidan sauro uku, tukwane biyu, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji na wata ɗaya, Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Faransanci da littafin waƙoƙi, sai akwatin magani. Rigunan sanyin Jos duk aka bar su, sai wanda ke jikin kowa. Muka biya kujera ɗaya ta musamman saboda kaya, domin in aka ɗaure jaka a bayan mota aka bar but a buɗe, ƙura da idon masu shinge duk a kanta suke.

Muka gangara Hawan Kibo gari na wayewa, muka karya a Akwanga da ƙosai da kunu, muka sauya mota a Abuja. Ba ma tafiyar dare da iyali, wannan doka ce a ofishinmu, don haka muka yanke kwana a Lakwaja. Bayan Kotonkarfe muka haye gadar Kwara, kafin la'asar mun sauka a masaukin baƙi na wata ikilisiya, ɗaki biyu naira 30,000, da fanka da ruwa a bokiti. Zafin Lakwaja ya fara gaya wa yaran abin da ke gaba.

Da dare na sa Mama ta buɗe akwatin magani mu bi shi ɗaya-ɗaya, domin ita ce za ta riƙe shi. Akwai ma'aunin zafin jiki, da kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro na tsaga yatsa guda goma, da maganin zazzaɓin na manya da na yara daban, gwargwadon nauyin kowa. Ana shan sa sau shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma da abinci mai maiƙo ko madara, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukarsa sosai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina a rana ta biyu don yaro ya tashi yana wasa. Ga gudawa kuma, in ƙullin gishiri da sukari na asibiti ya ƙare, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Allurar ciwon hanta sau uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko, saboda haka wanda ya fara ta wata biyu kafin tashi ya makara. Su sun fara tun watan Yuni, suka haɗa da ta sanƙarau.

Fasto ya daɗe yana kallon kayan a kan tabarma, sai ya ce, "Malam, wani lokaci nakan ji kamar wannan lissafi duka rashin bangaskiya ne. Na farko ai ba haka suka fita ba." Na ce masa ya tuna yadda ta ƙare da na farkon. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a watan Disamba 1893 da niyyar shigowa ƙasarmu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 aka iya kafa tasha a Patigi, a bakin wannan kogin da muka haye ɗazu. Ba wanda zai ce bangaskiyarsu ta gaza, amma da suna da abin da ke cikin wannan akwati da ba su bar shi a baya ba. Mama ce ta buɗe Luka 14:28 ta karanta, inda Ubangiji ya ce mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci. Muka yi addu'a, muka ɗaura wa yara gidan sauro da igiya da ƙusa biyu da na saba yawo da su.

Talata hanya ce kawai: Okene, Owo, Akure, Ife, Ibadan, muka shiga Legas bayan magariba, muka kwana gidan wani ɗan'uwa. Shingaye ba su ƙirguwa, amma da direba suke magana.

Laraba da sassafe muka ɗauki shatar mota daga Mile 2 zuwa iyakar Seme. Na roƙi direba ya ratsa da mu cikin Badagiri na rabin awa, kuma ina yin haka da kowane iyali. A nan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a watan Satumba 1842 ƙarƙashin itacen agiya, itacen ya faɗi a 1959, an gina alama a gurbinsa. Gidan bene na 'yan mishan da aka gama a 1845 yana nan tsaye a bakin ruwa. Ƙananan ɗakuna ne, matakalar katako. Yarinyar ta tambayi babanta, "Baba, su ma da yaransu suka zo?" Mu da aka kawo wa bishara ta wannan ƙofa, yau ta nan muke fita da ita. Ba kuma yau aka fara ba, tun 1948 ikilisiyoyin da daga baya suka zama ɗarikar ECWA suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wata ƙungiyar masu bishara kuma, CAPRO, ta taso daga Zariya a 1975.

Daga Badagiri zuwa iyaka tafiyar ba ta da nisa, amma a nan shingaye suka fi yawa, kuma yanzu da fasinja ake magana. In aka ga manya da ƙananan yara sun nufi iyaka sai an tambaya, domin hanya ce da aka sha kama masu safarar yara, kuma daidai ne a tambaya. Amsar tana cikin jakar leda ɗaya da ke rataye a wuyan Fasto: fasfo huɗu, katin rigakafi huɗu, takardun haihuwar yara, takardar aure ta rajista, wasiƙar ofishinmu da Ingilishi da Faransanci, da takardar karɓa daga makarantar Lome. Kowace an yi mata kwafi uku, ɗaya a jakar Mama, ɗaya a wurina, ɗaya a ofis, ga hotunansu a waya. Sunan yarinyar a takardar haihuwa ya bambanta da na lambar NIN da harafi ɗaya tak, gyaran wannan harafi ya ci mako bakwai kafin a karɓi buƙatar fasfonta. Duk mai shirin fita, ya shimfiɗa takardun gidansa a tebur tun yau ya duba suna da ranar haihuwa harafi-harafi. Kuɗin fasfo ma a sa shi a kasafi: tun 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. Iyayen mun yi musu babba, yaran ƙarami, naira 600,000 ke nan kafin a taka ko'ina.

Wani mai kaki ya leƙo ya ce, "Ina zuwa? Me za ku yi?" Fasto ya ce shi ma'aikacin ikilisiya ne, za shi Lome karatun Faransanci da iyalinsa. Haka muke koya wa kowa. Kada mai bishara ya ce shi ɗan kasuwa ne ko ziyara za shi don ya wuce da sauri. Ƙarya ce, kuma yaransa suna ji.

A iyaka, ofisoshin Najeriya da Benin suna cikin harabar haɗin gwiwa guda da aka buɗe a 2018. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, yana da kwana 90, amma sai an buga masa hatimin fita da na shiga. Samari za su taso, wannan ya ce kawo fasfo in buga maka, wancan ya ce zo in zagaya da ku a babur ba sai an buga ba. Fasfo ba ya barin hannun mai shi sai a gaban tebur. Wanda ya zagaya kuwa ya ji daɗin minti ashirin, amma ranar da zai nemi katin zama a Lome za a nemi hatimin shiga, babu. Katin rigakafin shawara shi ne abu na biyu da ake dubawa. Allurar tana fara aiki a takarda ne bayan kwana goma da yin ta, don haka katin jiya ba ya wucewa. Tun 2016 kuma allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, ba a sabunta ta bayan shekara goma kamar da. A ɗaya daga cikin tebura da muka bi a wannan rana, wani ya ce fasfon yaran sabo ne ba a taɓa buga shi ba, sai an ba da wani abu. Na gaishe shi da ladabi, na ce in akwai rasit za mu biya. Muka koma benci muka zauna, Mama ta ɓare wa yara lemu. Bayan minti arba'in aka kira mu aka buga. Wanda ke gaggawa shi ake tatsa, shi ya sa muke isa iyaka da safe, da abinci a jaka.

Wajen 'yan canji na daɗe da Fasto, domin a nan ne mai bishara yake fara ganin ainihin albashinsa. Ranar, sefa 1,000, kuɗin Benin da Togo, ta kama wajen naira 2,600. Kafin a saki naira a watan Yuni 2023 ba ta kai rabin haka ba. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi, naira ce ke hawa da sauka. Ma'ana, ikilisiyar da ta yi alkawarin naira 50,000 a wata shekara uku baya, tana nan tana cika alkawarinta da aminci, amma abin da ke isa tukunyar ma'aikaci ya ragu da fiye da rabi, su kuma ba su sani ba. Don haka yanzu da sefa muke rubuta kasafi, mu juya shi naira duk wata uku, mu gaya wa masu tallafi gaskiyar lamari. Ba ma sallamar iyali sai alkawuran wata-wata sun rufe kasafin, da kuɗin wata uku a hannu, da kuɗin motar dawowa a ajiye daban ba a taɓa shi. Taron tara kuɗi na rana ɗaya yana da daɗin gani, manya su yi shela a tafa, amma ba shi ke riƙe ma'aikaci ba. Masu dubu biyu da dubu biyar kowane wata su ne ginshiƙi, kuma a littafinmu ba wanda ya kai Matan Zumunta cika alkawari. Ikilisiyoyin ƙauye da masara suke bayarwa da kaka. Ba ma sayarwa a lokacin, mukan sa magani mu ajiye sai farashi ya tashi da bazara.

A wajen canjin, ka ƙirga sefarka a hannunka kafin ka miƙa naira. Ka ƙi yagaggiyar takarda, domin mai shago zai ƙi ta. Ka nemi 'yan 500 da 1,000 da 2,000 da yawa, don 'yar 10,000 ba ta sayen burodi, ba canji. Ka kuma duba kada a haɗa maka da sefar Kamaru da Chadi, sunansu ɗaya, darajarsu ɗaya, amma ba ta ciyuwa a nan.

Kwatano muka ratsa ta da rana tsaka, cikin tekun 'yan acaɓa masu rawayar riga da suke kira zemijan. Muka ci shinkafa da kifi a tasha, muka shiga motar Lome, sefa 6,000 kowace kujera, muka sayi biyar har da na ƙaramin don kada a ɗora shi a cinya awa huɗu. Hanyar ta bi ta Wida da Kome da Gran-Popo. Can teku ta bayyana a hagu, bayan itatuwan kwakwa, yaran da kafin wannan tafiya ba su taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Lamingo na Jos ba suka yi tsit. A iyakar Hilakonji aka sake sauka, aka sake buga hatimi, aka sake duba katin shawara. Da muka taka Togo na ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya. Benin lokacinta ɗaya da namu, Togo kuwa tana bayanmu. Ƙaramin abu ne, amma na san ɗalibin da ya isa jarrabawar gwaji awa ɗaya kafin a buɗe ƙofa, ya ɗauka an ɗage, ya koma gida. Muka wuce Aneho, muka shiga Lome rana na faɗuwa.

Kwana huɗu muka yi a masaukin wata ikilisiya muna neman gida. Ba a samun haya sai ta hannun dillali, kuma yana karɓar kuɗin kai ka gani ko gidan bai yi maka ba. Mun ga bakwai. Wanda muka ɗauka ɗaki biyu ne da falo, a unguwar da ke kusa da jami'a, yadda za su riƙa zuwa aji a ƙasa. Sefa 50,000 a wata, amma sai da muka ajiye na wata uku gaba, da wata uku na jingina, da wata ɗaya ladan dillali. Sefa 350,000 ke nan a tashi ɗaya, sama da naira 900,000, ba a sayi ko tabarma ba. Wannan shi ne kuɗin da ikilisiyoyi suka fi mantawa, sukan lissafa haya wata-wata kawai. Kafin a sa hannu, na zagaya da mai gidan muka rubuta duk abin da ya lalace, fashewar gilashi da famfo mai yoyo, don kada a cire daga jingina ranar fita. Na tabbatar mitar wuta tasu ce su kaɗai, ta kati, domin mitar haɗaka ita ce mafarin faɗa da maƙwabta, mai bishara kuwa bai kamata a fara saninsa a unguwa da faɗan wuta ba. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, sai an sayi mahaɗi. Wuta kam ta fi tamu zama. Abin da ya fi ba mutumin Jos wuya shi ne iska mai laima: ka yi wanka, kafin ka sa riga ka jiƙe, ƙurajen zafi suka feso wa yaron a wuya kwana na uku. Takalmin fata da littattafai suna yin fumfuna in an rufe su a akwati, sai a kan kanta inda iska ke bi.

Makarantar tana cikin Jami'ar Lome, cibiyar da ake kira Village du Bénin, wadda ɗaliban Najeriya da Gana suka daɗe suna zuwa. An yi musu gwaji, su biyun aka sa su ajin farko. Matakan harshen suna tafiya A1, A2, B1, B2. Da A2 mutum zai yi cefane ya gaisa. Wanda zai yi wa'azi, ya zauna da jami'in gwamnati, ya yi wa ma'aurata sulhu, sai ya kai B2, kuma shekara guda da ƙyar take isa. A nan zan faɗi abin da na sha faɗa wa kwamitoci. In kuɗi ya yi kaɗan, abin da ake fara cewa shi ne a biya wa Fasto, Mama ta koya a kasuwa. Wannan kuskure ne babba. Matar da ba ta da harshe fursuna ce a gidanta: ba ta iya kai yaro asibiti, ba ta iya magana da malamin makaranta, ba ta da ƙawa. A Kankan kuma, gari ne na Musulmi, ƙofar mata ba ta buɗe wa Fasto ba, ita ce za ta shiga. Na ga iyalai da suka dawo gida, aka ce wai Mama ce ba ta da kira. Kira tana da shi, kuɗin makaranta ne ba a biya mata ba.

Wajen yara mun yi kuskuren lokaci, kuma ina faɗa don wasu su gyara. Shekarar karatu a Togo da Satumba take farawa, mu kuwa mun iso a Janairu. Firamarensu aji shida ne, CP1, CP2, CE1, CE2, CM1, CM2. Yarinyar da ke aji huɗu a Jos, CE2 ya kamace ta, amma saboda harshe aka mayar da ita CE1. Ta yi kuka ranar. Mai iyali ya yi ƙoƙari ya iso a watan Agusta. Takardun makaranta da na haihuwa da na aure kuma za a buƙaci fassararsu daga mai fassara da kotu ta rantsar. Kafin kwana 90 su cika sai an yi rajista a ofishin jakadancin Najeriya an fara neman katin zama. Na rubuta musu ranar da alli a bayan ƙofa.

Ranar Asabar na kai su Zango, can Aguwe, arewacin birni, inda aka mayar da shi daga tsakiyar gari a 1977. Kana sauka ka ji Hausa ta ko'ina, ta Sakkwato, ta Maraɗi, ta waɗanda aka haifa a nan kakanninsu suka zo fataucin goro da shanu. Akwai gero, akwai kuka, akwai fura, ga tsire da mutanen Togo suke kira cicinga. Mama ta taya kuɓewa, mai kayan ta ce, "Dala arba'in, Hajiya." Mama ta tsaya tana kallona. Dala a nan sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, dala arba'in 200, dala ɗari 500, jika kuwa 1,000. Wani dattijo mai shagon hatsi ya ba mu benci, ya tambayi Fasto abin da ya kawo shi. Fasto ya gaya masa gaskiya. Dattijon ya ce, "Malam, baƙo ko da ido makaho ne. In yaro ya yi zazzaɓi da dare ka kira ni, ɗana yana da mota." Ya ƙara wa Mama mudu guda na gero kyauta. Na ji daɗin haka ƙwarai, amma a hanyar dawowa na kafa musu sharaɗi: Zango sau ɗaya a mako. Haka ma ikilisiyoyin 'yan Najeriya masu sujada da Ingilishi, suna da yawa a Lome, kuma za su so Fasto ya riƙa yi musu wa'azi. Wanda ya faɗa can zai yi shekara a Togo ya fito da Faransancin gaisuwa.

Lahadi muka je wata ikilisiya ta unguwa mai sujada da Faransanci da harshen Ewe. Awa uku, da ganguna da ƙaho, ana fita baiko layi-layi da rawa kamar gida. Fasto, mutumin da ya shekara goma sha biyu yana wa'azi kowane mako, ya zauna a benci na baya, kalmar da ya kama ba ta wuce Yesu da Amin da Haleluya ba. Da aka ce baƙi su tashi, ya karanta jimla uku da muka rubuta masa a takarda, murya na rawa. Da muka fito bai yi magana ba har gida. Wannan yunwa ta ruhu tana kama kowane ma'aikaci a watannin farko, kuma ba a cika gaya musu ba. Mutum yana zuwa sujada amma ba ya ƙoshi, ba wanda ke neman shawararsa, ba mai ce masa Baba. Abin da muke shirya musu shi ne sujadar iyali kowace safiya da Hausa, da waƙa daga littafin waƙoƙi, don rai ya ci abinci da harshen da yake ji. Da yamma kuma Bisharar Markus, aya goma da Hausa, a maimaita su da Faransanci da babbar murya. Watan farko a haddace Addu'ar Ubangiji, wata na uku shaidar tuba ta minti uku, wata na shida addu'a a gaban jama'a. Dattijo ɗaya daga gida zai riƙa kiran Fasto kowane mako biyu, wata uwa daga Zumunta ta kira Mama, ba don rahoto ba, don a ji lafiyarsu.

Daren ƙarshe muka shimfiɗa taswirar Gini a ƙasa. Faransanci ƙofa ce kawai, a Kankan sai sun sake zama 'yan koyo a Maninka, da rubutun N'Ko da Sulemana Kante ya ƙirƙiro a 1949, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu kamar ajami. Kuɗin can ma ba sefa ba ne, Gini tana da nata faran. Na tuna musu cewa a 1967 gwamnatin Seku Ture ta sallami 'yan mishan baƙi, ikilisiyar ƙasar ta ci gaba da tsayuwa da ƙafarta. Saboda haka ba wurin da babu kowa za su ba, ƙarƙashin shugabannin ikilisiyar can za su yi aiki, kuma wasiƙar gayyatarsu ce za ta zama takarda ta farko a jakar leda ta gaba.

Litinin da asuba Fasto ya raka ni tasha. Ya yi cinikin babur da kansa da Faransanci, aka rage masa sefa 100. Ni kaɗai ba kaya, kwana biyu suka kai ni Jos. Washegari na je na gaida tsohuwa, na nuna mata hoton jikokinta a bakin teku, na ba ƙanen Fasto kwafin takardar da suka sa wa hannu. Daga nan na koma ofis na buɗe littafin alkawura, na ware sunayen waɗanda na Janairu bai shigo ba domin a kira su. Iyali na gaba Chadi za su, allurar hantarsu ta farko ranar Alhamis ce.